Malamin Yahudawan da aka kashe a Bondi: laifi ne a ce musu sannu?

Uwar_Biyu
Salamu alaikum mutanen gidan nan. Tambaya gare ni kuma don Allah a amsa min cikin hankali kar a maida abin faɗa. Kun dai ji harin da aka kai bakin tekun Bondi a Sydney ta ƙasar Ostireliya ranar Lahadi 14 ga Disamba 2025, inda Yahudawa suka taru za su kunna kyandir ɗin daren farko na bikinsu na Hanukkah, wasu mutum biyu uba da ɗansa suka buɗe musu wuta aka kashe mutum 15, har da yarinya 'yar shekara 10 da wani tsoho ɗan shekara 87 da ya tsira daga kisan kiyashin zamanin Hitler yana yaro. Cikin mamatan akwai malaminsu Rabbi Eli Schlanger, shekararsa 41, 'ya'yansa biyar, autan ko wata uku bai cika ba, kuma yana cikin waɗanda suka shirya taron. Abin da ya ɗaure min kai shi ne washegari ba su ɓuya ba, sun sake fitowa fili sun kunna kyandir na biyu, malamansu sai cewa suke kowa ya ƙara riƙe addini, a ƙara sadaka, kar wanda ya sauke fitilarsa daga taga. To wannan a addininsu yake ko taurin rai ne kawai? Na biyu kuma, ni Musulma da na tuna matar malamin nan da jariri a hannu har na yi hawaye, na yi laifi?

Ɗan_Fagge
Hajiya ni ban ce ki cire tausayi daga zuciyarki ba. Amma yara nawa aka binne a Gaza cikin shekara biyun nan? Dubun dubatar mutane, wasu har yau suna ƙarƙashin gini ba a tono su ba, wa ya kunna musu kyandir a gidan gwamnati? Mutum 15 sun mutu duniya ta tsaya cak. Wannan bambancin ne yake ƙona min rai wallahi.

Alaramma_Tudun_Wada
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki yi laifi ba ko kaɗan. Ya tabbata a Bukhari da Muslim an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah SAW sai ya miƙe tsaye, aka ce masa ai gawar Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? To in shugaban halitta ya miƙe saboda girman rai, hawayenki ba su da aibu. Abin da aka hana shi ne nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara, wannan yana cikin Suratut Tauba aya ta 113. Amma ki ce wa iyalinsa sannu, Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari, malamai da dama sun halatta, musamman in maƙwabci ne ko abokin aiki.

Ɗan_Fagge, zafin da kake ji kan Gaza nima ina jin shi, kullum cikin alƙunutu muke. Sai dai Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Yarinyar nan 'yar shekara 10 wane jirgi ta tuƙa?

Ɗalibi_a_Sydney
Ni ina garin, bari in gaya muku abin da idona ya gani. Gaban ginin da ake kira Bondi Pavilion furanni ne tuli guda har ba wurin taka ƙafa, mutane suna zuwa suna tsayawa shiru, wasu Yahudawa maza da 'yar ƙaramar hularsu suna waƙoƙin addu'a a hankali suna riƙe da kafaɗar juna. Wuraren ba da jini layi ne har waje. An haska hoton fitilar tasu mai rassa a jikin Opera House, shahararren ginin wasannin nan na Sydney. Ranar Lahadin da ta zagayo, 21 ga wata, wadda ta yi daidai da daren ƙarshe na bikin, gwamnati ta ce kowa ya kunna kyandir a yi shiru na minti ɗaya da ƙarfe 6:47 na yamma, lokacin da aka fara harbin.

Mu Musulmin nan kuwa kar ku tambaya. Majalisar limamai ta ƙasar ta fito tun da wuri ta yi Allah wadai da harin, amma duk da haka mata masu hijabi da yawa sun rage fita su kaɗai, kowa gabansa na faɗuwa. Mutum biyu sun ɗauki bindiga da tutar ƙungiyar IS a mota, mu aka bari da kallon banza a jirgin ƙasa. Don haka duk wanda yake zaune a gida yana tura alamar dariya a ƙarƙashin labarin nan ya sani mu yake jefawa cikin wahala.

Hajiyar_Zongo_Kumasi
Kun manta da Ahmed al-Ahmed ne? Musulmi ne ɗan asalin Siriya, shi ya laɓaɓa ta bayan motoci ya rungumi ɗaya daga cikin maharan ya ƙwace bindigar da hannunsa, shi ma aka harbe shi ya kwanta asibiti, firaministan ƙasar Albanese ya je har gadonsa ya duba shi. Ni dai shi ne amsata ga duk wannan muhawarar. Bai tsaya tambayar addinin waɗanda ake harbi ba.

Ɗan_Fagge
Allah ya saka masa da alheri, namijin duniya ne, ban musa ba. Allah gafarta Malam, nima ban ce a kashe yarinya ba, a'uzubillahi. Cewa na yi ana auna jini da sikeli biyu.

Nas_a_Manchester
Yaya Uwar_Biyu bari in amsa miki ta farkon daga abin da na gani, don na taɓa zuwa gaisuwar mutuwa gidansu. Wata abokiyar aikina ce Bayahudiya mahaifinta ya rasu, muka je mu uku daga wurin aiki. Kwana bakwai suke zaman makoki, suna ce masa shiva. Da na shiga na tarar ƙofa a buɗe ba sai ka ƙwanƙwasa ba, an rufe duk madubin gidan da ƙyalle, su masu makokin suna zaune kan wasu 'yan gajerun kujeru kusa da ƙasa, ba takalmin fata a ƙafarsu, kuma rigarta an yage ta kaɗan ta wajen ƙirji, haka za ta zauna da ita har kwanakin su cika. Akwai wani dogon kyandir cikin gilashi da yake ci dare da rana duk satin. Tun a mota aka ja mana kunne cewa ba kai za ka fara magana ba, ka zauna kawai, sai mai makokin ya buɗe baki sannan ka amsa. Na zauna shiru kusa da ita can sai ta fara ba ni labarin yadda babanta yake gyara agogo.

Ba sa dafa komai da kansu, maƙwabta ke kawo abinci, na farkon bayan an dawo daga maƙabarta dafaffen ƙwai ne da burodi. Da yamma maza suka cika falon don sai an samu mutum goma ake yin addu'ar da suke kira Kaddish. Ita ce ta gaya min wai a cikin addu'ar nan babu ambaton mutuwa ko sunan mamaci, girmama sunan Ubangiji ne daga farko har ƙarshe. To kin ga mutumin da aka koya wa tun yana yaro cewa ranar da ya fi kowa baƙin ciki ranar zai tashi cikin jama'a ya yabi Ubangiji, ba abin mamaki ba ne ya fito washegarin hari ya kunna kyandir.

Uwar_Biyu
Ikon Allah. Ƙanwata wannan ai kusan irin zamanmu ne, har kawo abincin. Wanka da likkafani fa?

Nas_a_Manchester
Suna yi Yaya. Akwai ƙungiya a kowace unguwarsu da aikinta ke nan, maza su wanke maza mata su wanke mata, a sa farin likkafani marar ado marar aljihu, mai kuɗi da talaka iri ɗaya, kuma ba sa son a jinkirta binnewa. Masu riƙo da addinin sosai ba sa ƙona gawa. In sun je ziyarar kabari ƙaramin dutse suke ɗorawa. Bayan bakwai akwai kwana talatin, in kuma iyaye ne ɗa zai yi ta Kaddish wata goma sha ɗaya.

Abu_Sumayya
To kun gani ko? Dama mun sha faɗa wannan zaman uku da bakwai da arba'in da ake yi ba shi da asali a sunna, ga shi yanzu da bakinku kun faɗi inda aka kwaso shi.

Baba_Mai_Carbi
Kai yaro, sadakar bakwai tun kakanninmu ake yi kuma malamai ne suka yi ta ba jahilai ba. Don wani yana yin abu kai ma kana yi ba shi ke nuna wurinsa ka ɗauka ba, su ma ai suna kaciya suna ƙin naman alade, sai mu bari?

Admin_Gidan_Muhawara
Baba da Abu_Sumayya don girman Allah a kai maganar bakwai da arba'in wani zauren, mun san inda take ƙarewa. A dawo kan tambayar Hajiya.

Malamin_Tarihi
Hajiya a addininsu yake, kuma akwai dalili biyu. Na farko shi kansa bikin. Wajen shekara 167 kafin haihuwar Annabi Isa AS, wani sarkin Girkawa da ke mulkin Siriya mai suna Antiyokus ya hana su kaciya da kiyaye ranar Asabar, ya ƙazantar da babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus da bautar gumaka. Wasu 'yan gida ɗaya da ake kira Makabiyawa suka yi tawaye suka ƙwato wurin. A ruwayarsu, man fitila mai tsarki da suka samu na kwana ɗaya ne amma ya ci kwana takwas. Shi ya sa ake kwana takwas ana ƙara kyandir ɗaya kowane dare, kuma hukuncin shi ne a sa fitilar a bakin ƙofa ko taga inda mai wucewa zai gani. Har wanda yake cikin zaman makoki ba a ɗauke masa kunnawa ba. Biki ne da asalinsa ƙin ɓoye addini, to ka ce su ɓoye shi saboda an harbe su ai ka rushe ma'anarsa gaba ɗaya.

Na biyu ƙungiyar da shi Rabbi Schlanger yake ciki, Chabad, wasu na ce mata Lubavitch da sunan wani ƙaramin gari a Rasha. Tun ƙarshen ƙarni na 18 take, amma wanda ya baza ta duniya shi ne Rabbi Menachem Mendel Schneerson da ya jagorance ta daga Brooklyn a New York daga 1951 har rasuwarsa a 1994. Tsarinsa shi ne a tura malami da matarsa wani gari su tare can, yawanci har ƙarshen rayuwa, su buɗe gida duk Bayahuden da ya zo gari ya samu wurin ibada da abinci. Yanzu suna ƙasa sama da 100, akwai gidansu a Abuja akwai a Accra. Ba sa wa'azin jawo wanda ba Bayahude ba cikin addinin, nasu da suka yi sake suke bi. Su ne kuma suka fara kafa manyan fitilun nan a dandali, na farko a Philadelphia a 1974.

A 1956 'yan bindiga sun shiga wata makarantar koyon sana'a a ƙauyen Kfar Chabad a Isra'ila suka kashe ɗalibai biyar da malaminsu suna cikin addu'a. Mutanen ƙauyen har sun fara tunanin watsewa, saƙon da Schneerson ya aiko musu ma'anarsa ita ce sanyin zuciyarku yana cikin ci gaba da gini. Daga nan abin ya zame musu hanya, duk wanda aka kashe sai a buɗe makaranta ko a rubuta sabon littafin Attaura da sunansa. Da hannu ake rubuta shi a kan fata da alƙalamin gashin tsuntsu, harafi 304,805, yakan ci kusan shekara, kuma sai a raba kowa ya biya kuɗin harafi ɗaya ko aya ɗaya don a ce da shi aka yi.

Alaramma_Tudun_Wada
Malam ka amfanar da mu. Wannan rubutun hannu ya taɓa ni, duk wanda ya taɓa zama ya rubuta izu sittin da tawada ya san abin da ake nufi da kar harafi ɗaya ya kuskure.

Mai_Shago_Deira
Ni abin da ya tuno min shi ne na nan Dubai a 2024. Rabbi Zvi Kogan, shi ma ɗan Chabad ɗin ne, yaro ne shekara 28, yana kula da wani kantin abincinsu mai suna Rimon a titin Al Wasl. Ranar Alhamis 21 ga Nuwamba 2024 aka neme shi aka rasa, ranar Lahadi aka sanar an ga gawarsa a wajen Al Ain. 'Yan Uzbekistan uku aka kamo a Turkiyya aka dawo da su, a ƙarshen Maris na 2025 kotu a Abu Dhabi ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa ɗaya kuma ɗaurin rai da rai. A dutsen Zaitun na Ƙudus aka binne shi.

Abin da zan faɗa a matsayina na ɗan kasuwa shi ne garin nan da aminci yake ci. Ni baƙo ne, Ba'indiye baƙo, ɗan Chana baƙo, shi ma baƙo, duk da izinin hukuma muke zaune. Ranar da aka ce za a iya ɗauke mutum da rana tsaka saboda addininsa ko fasfonsa to ba wanda ya tsira, mu masu koren fasfo mun fi kowa sanin yadda laifin mutum ɗaya yake shafar kowa a wajen biza.

Ɗan_Fagge
Alhaji a faɗi gaskiya duka mana, shi wannan na Dubai ai an ce ya yi aikin soja a Isra'ila. Kuma su Chabad ɗin nan ba ɓoye goyon bayan Isra'ila suke ba.

Alaramma_Tudun_Wada
Ya yi, an rubuta haka. Amma ɗana a ina aka kashe shi, a fagen daga ko a ƙasar Musulmi da ta ba shi izinin zama? Wannan shi ake kira wanda aka ba amana, kuma hadisi a Bukhari ya ce wanda ya kashe wanda ke da alkawarin aminci ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, alhali ana jin ƙanshinta daga tafiyar shekara arba'in. Ba ni na faɗa ba. In ra'ayin mutum kan siyasa ya isa a zubar da jininsa ba tare da alƙali ba, to gobe wani ma zai duba naka ra'ayin ya yanke maka. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta ce kar ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Ayar ba ta ce sai in kuna son su ba, ai don wanda ake jin haushi aka saukar da ita.

Ɗan_Damagaram
Gaskiya ne Malam. Ni ina ƙara cewa ba duka Yahudawa ke tare da gwamnatin Isra'ila ba, akwai 'yan Satmar da Neturei Karta da ba su yarda da kafa ƙasar ba ma sam, akwai kuma matasansu da yawa a Amurka da aka kama wajen zanga-zangar Gaza.

Rahila_Jos
Haka ne ɗan uwa, amma ni ina jin tsoron wannan hujjar kaɗan. Kamar ana cewa Bayahuden da ya yarda da mu shi ne bai cancanci mutuwa ba, saura kuma oho. Mu da muka tashi a Jos mun san wannan lissafin. A 2001 da 2008 an tare hanya ana tambayar suna, ba wanda aka tambaya me ka aikata, Musa ne ko Moses, shi ke nan. Ni Kirista ce, maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mu a ɗakin matarsa, kuma na san gidajen Kirista da suka ɓoye Musulmi. Wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin gado yana jin ana kiran addininsa a waje ba zai taɓa yin dariya da labarin Bondi ba. Anti Uwar_Biyu ki yi kukanki, nima na yi.

Sadauki_Kano
Anti Rahila kin gama magana. Ku tuna Uromi a jihar Edo watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan Arewa suna hanyar komawa gida yin sallah aka tare motarsu aka ƙone su, wai ai masu garkuwa da mutane ne. Me ya fi mana ciwo lokacin? Masu rubuta "ai su ma 'yan uwansu suna kashe mutane a daji". Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. To wannan maganar ce dai muke son mu faɗa wa wasu yanzu?

Ɗan_Fagge
Sadauki wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa manyan ƙasashe ba sa kallon gawar Bafalasɗine kamar yadda suke kallon ta wani. Ku bar ni da wannan.

Malamin_Tarihi
Ba wanda zai ƙwace maka ita, mutane da yawa har cikin Yahudawan suna faɗin haka. Abin da nake so a lura shi ne ƙin jinin Yahudawa ya girmi ƙasar Isra'ila da ɗaruruwan shekaru. An kore su daga Ingila a 1290, daga Sifen a 1492, kuma da yawa daga cikin na Sifen ɗin daular Usmaniyya da Maroko ne suka karɓe su. Turawa ne suka ƙirƙiri ƙaryar cewa suna yanka yara, Turawa ne suka kashe miliyan shida. Wancan littafin da ake yawo da shi a WhatsApp wai asirin dattawan Sihiyona na mallake duniya, a Rasha aka fara buga shi a 1903, kuma tun 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna kwafe shi aka yi daga wani tsohon littafin Faransanci da ba ruwansa da Yahudawa. Ina jin takaici in ga yaranmu masu ilimi suna tura shi kamar wani abin kirki. Wanda ya harbe mutum 11 a wurin ibadarsu na Pittsburgh a 2018 Bature ne mai aƙidar fifita farar fata, irin aƙidar wanda ya kashe Musulmi 51 a masallatai biyu na Christchurch a 2019. Bayan Pittsburgh Musulmin Amurka sun tara kuɗi don jana'izar mamatan, bayan Christchurch Yahudawan Pittsburgh su ma suka tara suka aika.

Hajiyar_Zongo_Kumasi
Alhaji na Deira, an ce matar shi wannan Kogan ɗin ma danginta an taɓa kashe wani, gaskiya ne?

Mai_Shago_Deira
Gaskiya ne Hajiya. Kawunta ne Rabbi Gavriel Holtzberg da aka kashe shi da matarsa Rivka a gidan Chabad na Mumbai a harin Nuwamba 2008, matar tana da ciki. Ɗansu Moshe yana shekara biyu, mai rainonsa Ba'indiya Sandra Samuel ce ta sungume shi ta fito da gudu. An gyara gidan an sake buɗe shi a 2014, yaron ma ya koma ya gani a 2018. Kuma Musulmin Mumbai lokacin ƙin yarda suka yi a binne maharan a maƙabartarsu. Ka duba gida ɗaya sau biyu cikin shekara 16, wallahi abin da tausayi.

Abu_Sumayya
Tambaya a gefe, shi wannan kantin nasu, naman da suke sayarwa ya halatta mu ci?

Alaramma_Tudun_Wada
Ma'ida aya ta 5, abincin waɗanda aka ba Littafi halal ne gare ku. Yankansu da wuƙa mai kaifi ne a wuya kuma suna tsiyaye jini. Sai dai ka duba kayan da aka haɗa da giya, don su ba ta haramta gare su ba.

Nas_a_Manchester
Abin da ban faɗa ba ɗazu, nan Manchester ma an kai hari wurin ibadarsu na Heaton Park ranar 2 ga Oktoba 2025, ranar babban azuminsu na Yom Kippur, mutum biyu suka mutu. Tun kafin nan ma makarantun yaransu da masu gadi da dogayen shinge suke, akwai iyayen da ke ce wa yaro ya ɗora hular ƙwallo kan 'yar hularsa in zai hau bas. Ita abokiyar aikin tawa da ba ta cika zuwa ibada ba, tun daga ranar ta koma kunna kyandir biyu duk yammacin Juma'a kamar yadda kakarta ke yi, ta kuma maƙala ɗan ƙaramin akwatin nan mai ayoyi a jikin ƙofarta da da take jin tsoron sawa. Na tambaye ta ba ki tsoro? Ta ce tana ji sosai, amma in ta cire to wanda ya kawo harin ya samu abin da ya zo nema. Ba duka ne haka ba fa, akwai waɗanda suka cire nasu akwai masu maganar barin ƙasar, kowa da ƙarfin zuciyarsa.

Uwar_Biyu
Na gode muku duka wallahi, na ƙaru. Allah gafarta Malam hankalina ya kwanta. Ɗan_Fagge ƙanina nima Gaza tana raina kullum, zuciyar uwa ba ta cika da yaro ɗaya.

Baba_Mai_Carbi
Allah ya kawo mana ƙarshen zubar da jini ko ina. Amma ni har yanzu ban gane ba, in gwamnati ta san ana barazana gare su, don an ƙona musu wurin ibada a Melbourne a 2024 har aka kori jakadan Iran a kan haka, me ya sa ba a cika wurin da 'yan sanda ba? Kuma ta yaya mutum zai mallaki bindiga har shida da lasisi a cikin gari?

Ɗalibi_a_Sydney
Baba tambayar da kowa ke yi ke nan a nan, su kansu Yahudawan suna cike da fushi da gwamnati, sun ce sun daɗe suna kuka ba a saurare su ba, har dai aka shiga maganar tsaurara dokar bindiga. Ni wata shawara nake nema. Malamin da ke duba aikin bincikena Bayahude ne kuma na ji an ce akwai ɗan uwansa cikin waɗanda suka ji rauni, mutumin kirki ne ya taimake ni ba kaɗan ba. Ina so in je in gaishe shi amma ban san me zan riƙa ba, kuma ina tsoron kar ganina ya ƙara masa wani abu.

Nas_a_Manchester
Ka fara tura masa saƙo gajere ka ce kana tare da shi kuma kana so ka leƙo in ba damuwa, ka bar shi ya zaɓi lokaci. Kar ka je daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar, in mai kiyayewa ne ko waya ba zai ɗauka ba. Kar ka dafa abinci a gida ka kai don suna da ƙa'idar tukunya da kwano, ka sayi 'ya'yan itace da ba a yanka ba ko dabino a kwalinsa. In ka je kar ka ɗauko zancen siyasa, kuma ba sai ka tsaya kare kanka ko kare Musulunci ba, ka tambayi jikin ɗan uwan nasa kawai.

Ɗalibi_a_Sydney
To Anti na gode, dabinon zan saya, akwai shagon Larabawa a Lakemba kusa da masallaci. Zan tura masa saƙon yau in sha Allah.